Dodo a wayar hannu: ribar salon "bidiyon da aka tsinta" da haɗarinsa a Rano da Kibiya

A 1999 aka saki The Blair Witch Project a Amurka, fim ɗin tsoro da aka tsara tamkar bidiyon wasu ɗalibai uku da suka ɓace a daji. Kuɗin shirya shi bai kai dala miliyan ɗaya ba, amma ya samo kusan miliyan 250. Cloverfield na 2008 ya ɗora wa salon dodo mai rushe birnin New York, ya kuma haifar da fina-finai biyu a 2016 da 2018. Sai dai duka biyun sun ajiye salon. Ƙarfinsa dama yana cikin shakkun mai kallo: shin abin ya faru da gaske?

Salon na iya jan hankalin matasan Rano da Kibiya masu sha'awar Kannywood, domin waya da tocila da dare sun wadatar, ga duwatsun Rano da Rurum, ga tatsuniyoyin Dodo.

Amma a nan gizo ke saƙar. A Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina, saboda rashin gabatar da su gare ta. Guntun bidiyon da ke yawo a WhatsApp kuwa ba ya bi ta teburinta. Idan aka yanke gabatarwarsa, aka ambaci ƙauye na gaske, zargin maita na iya faɗa wa wata tsohuwa.

Don haka wajibi ne kalmar "ƙirƙira" ta tsaya a jikin hoton daga farko har ƙarshe, sunan garin ma ya zama na ƙage.