Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi

Akwai wata magana da ta ke yawan fitowa daga bakin waɗansu masu ilmin zamani, wai bukukuwan gargajiya da talakawa ke yi a fili, da dafe-dafe da kaɗe-kaɗe, ba kome ba ne illa ɓarnar dukiya da ɓata lokaci. Sun ce al'ummar da ke son ci gaba sai ta ajiye wasa ta kama aiki. Ni kuwa na ce wannan magana akwai ɗan ƙanshin gaskiya a cikinta, amma kuskurenta ya rinjayi gaskiyarta. Hujjata kuwa daga labarin wata ƙasa mai nisa na ɗauko ta, watau ƙasar Filifin, domin a can ne aka gwada abin, aka kuma ga ƙarshensa.

Filifin tsibirai ne fiye da 7,000 a cikin teku, can gabas, kudu da ƙasar Sin. Turawan Sifaniya sun mallake ta tun daga 1565 har zuwa 1898. A wannan shekara ta 1898 suka miƙa ta ga Amurka a kan dala miliyan 20, ba tare da an tambayi masu ƙasa ba. Mutanen ba su sami mulkin kansu ba sai a 1946. Shinkafa ce tushen abincinsu, da kifi, da kwakwa, da ayaba.

To, ga abin da ya same su sa'ad da al'amarinsu ya ke hannun wani. A 1904 aka yi wani babban baje koli na duniya a birnin St. Louis, cikin Amurka. Hukuma ta keɓe fili mai eka 47, ta kwaso mutanen Filifin fiye da 1,000, ta gina musu bukkoki, aka ce su zauna a ciki 'yan kallo su riƙa wucewa suna duban su. A cikinsu akwai mutanen duwatsun arewacin tsibirin Luzon, waɗanda a ke kira Igorot. Su waɗannan mutane manoma ne gwanaye, masu sare jikin dutse su yi gonakin shinkafa hawa-hawa kamar matakala, su jawo ruwa daga ƙoƙuwar dutse ya bi gona bayan gona. Amma a al'adarsu akwai waɗansu hidimomi, ba na kullum ba, da a kan yanka kare. Da masu baje koli suka ji haka, sai suka mai da shi abin nuni, suka riƙa kawo karnuka suna sa mutanen su yanka su ci a gaban jama'a a kai a kai, domin shi ne ke jawo 'yan kallo. Mutane suka zo, suka gani, suka koma gida da labari guda: mutanen Filifin maciya kare ne, ba su isa su riƙe kansu ba. Wannan ba'a ta bi 'ya'yansu da jikokinsu shekaru da yawa.

Ku duba da kyau, ya ku masu karatu. Ba a yi wa mutanen nan ƙarya tsagwaronta ba. An dai zaɓi abu ɗaya cikin ɗari aka kumbura shi, aka rufe sauran casa'in da tara. Wannan shi ne halin nunin da baƙo ya shirya: abin da zai ba ido mamaki shi ya ke nema, ba abin da zai ba mai shi girma ba. Mu ma ba mu tsira daga irin wannan ba, gama a 1924 an gina wani gari mai ganuwa a Wembley, cikin Ingila, aka kai masu sana'a daga Nijeriya suka zauna a ciki ana kallonsu. Saboda haka tambayar ba ita ce a nuna al'ada ko kada a nuna ba. Nuni dai za a yi shi, ko mai ita ya so ko ya ƙi. Abin tambaya shi ne, hannun wa zai yi nunin?

Yanzu sai mu je garin Lucban, a lardin Quezon, gindin dutsen Banahaw, mu ga yadda abin ke zama in mai shi ne ya shirya. Ko wace shekara ran 15 ga watan Mayu mutanen garin su kan yi bikin da su ke kira Pahiyas, na godiya sabo da amfanin gona. Su Kirista ne, sun kuwa danganta ranar da wani waliyyinsu na manoma mai suna San Isidro. Ko wane maigida ya kan lulluɓe fuskar gidansa da abin da gonarsa ta bayar: zangarniyar shinkafa, da kabewa, da kwakwa, da ayaba, da barkono. Akwai kuma wani abu wai shi kiping. A kan kwaɓa garin shinkafa da ruwa, a sa masa launi, a shafa a kan ganye, a turara, a shanya. In ya bushe sai ya ɓantaro da siffar ganyen, ja da rawaya da kore, a shirya shi a rataya daga bene har ƙasa. Ba ado kaɗai ba ne, gama ana gasa shi ko a soya a ci. A bakin hanya kuma ana sayar da wata taliya, pancit habhab, a kan ganyen ayaba, a kai baki a ci ba cokali. Hanyar da jerin gwano ke bi kuwa a kan sāke ta daga shekara zuwa shekara, domin ko wace unguwa ta sami rabonta.

To, ina ɓarna a nan? Manomi ne ya fito da aikin hannunsa ya rataya a ƙofar gidansa, mutanen birni suka yi tattaki daga Manila suka zo suna ɗaga kai suna duba. Yaron gidan ya ga baƙi suna sha'awar abin da ubansa ya noma da abin da uwarsa ta turara. Wace makaranta ce za ta koya masa girmama noma fiye da wannan rana guda? A St. Louis shinkafar mutanen aka ɓoye. A Lucban ita aka sa a gaba.

Ba zan ɓoye hujjar abokan gardamata ba, don tana da ƙarfi. A ƙasar Filifin ko wane gari da ranar bikinsa, kuma al'ada ce a buɗe ƙofa duk wanda ya shigo a ciyar da shi. Sau da yawa talaka ya kan ci bashi don kada a ce tukunyarsa ta gaza ta maƙwabcinsa, ya kwana ɗaya cikin farin ciki, ya yi watanni yana biya. Har wani ɗan majalisar dattawansu, Raul Manglapus, ya tashi a shekarun 1960 yana kira a juya kuɗin da a ke kashewa a biki zuwa ayyukan raya gari. Na yarda cin bashi don alfahari wauta ce, a Filifin ko a ko'ina. Amma laifin na gasa ne da fariya, ba na biki ba ne. Maganinsa shi ne kowa ya yi daidai ƙarfinsa, daidai ruwa daidai tsaki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Waɗansu kuma sun ce, ai abincin Filifin ɗin ma aro ne, daga Sifaniya da Sin, to, me za a yi alfahari da shi? Wannan magana ta wanda ya tsaya ga suna ne bai buɗe tukunya ba. Ga adobo, abincin da ya fi ko wanne suna a ƙasar: nama ne a kan dafa cikin ruwan tsami irin na rake ko na kwakwa, da tafarnuwa da masoro. Sunan na Sifaniya ne, gaskiya. Amma dafa nama da ruwan tsami don kada ya lalace a ƙasar zafi, Turawan sun tarar ana yinsa, suna kawai suka raɗa masa. Ga kuma sinigang, romo mai tsami wanda a kan yi da tsamiya, irin wadda mu ke kunu da ita. Taliya kuwa daga 'yan kasuwar Sin ta zo, amma ta zauna ta zama 'yar gida. Wace al'umma ce a duniya ba ta ari kome ba?

Kada kuma mai karatu ya zaci tukunya ɗaya ce a ƙasar duka. A bukukuwan Kirista gasasshen alade ne babban abinci, wanda Musulmi ba ya kusanta. Amma a kudu, a Mindanao da Sulu, akwai Musulmi tun kafin zuwan Sifaniya, suna kuwa da nasu. Kabilar Tausug suna da tiyula itum, baƙin romon naman sa da a ke yi da ƙonanniyar kwakwa. Kabilar Maguindanao suna da pastil, shinkafa da yagaggen naman kaza a ƙunshe cikin ganyen ayaba. A birnin Cotabato a kan yi biki cikin watan Disamba don tunawa da Sharif Kabunsuan, wanda ya yaɗa Musulunci a wannan yanki. A 2002 hukuma ta sa Ƙaramar Salla cikin ranakun hutu na ƙasa baki ɗaya. Da Musulmin kudu sun ja jiki sun ce biki wasa ne, da baƙo ya ɗauka alade ne abincin kowa a Filifin, kamar yadda mutanen 1904 suka ɗauka kare ne.

Amfanin abin ya fi bayyana ga waɗanda suka bar gida. Miliyoyin mutanen Filifin suna neman abinci a ƙasashen waje. A Amurka sun riƙi watan Oktoba watan tunawa da tarihinsu, domin ran 18 ga Oktoba 1587 waɗansu mutanen Luzon suka sauka a Morro Bay, bakin tekun California, daga wani jirgin ruwan Sifaniya. Majalisar Amurka ta amince da wannan wata a 2009. A irin waɗannan taruka ne a ke gaya wa yara labarin Larry Itliong, wanda ran 8 ga Satumba 1965 ya jagoranci leburorin gonakin inabi 'yan Filifin suka shiga yajin aiki a garin Delano. Leburori 'yan Meziko suka biyo su, aka yi shekara biyar ana ja kafin masu gonaki su sa hannu. A zauren taron 'yan Filifin na garin aka kafa murhu, a nan kabilun biyu suka riƙa cin abinci tare. Wanda ya ce tukunya ba ta da aiki cikin al'amuran manya, sai ya ba mu labarin abin da ya riƙe mutanen nan da babu albashi a hannunsu.

A gida kuma, a 2018 shugaban ƙasa Rodrigo Duterte ya sa hannu a takardar da ta mai da Afrilu watan abincin Filifin. Shekara 114 ke nan tsakanin wannan takarda da bukkokin St. Louis.

Saboda haka ina roƙon masu ilmi su sāke awo. Su yi faɗa da bashi, su yi faɗa da fariya, ina bayansu. Amma kada su kashe wa talaka ranar da ya ke fitowa da abin hannunsa ya ce wa duniya, ga ni, ga abin da na ke ci, bismilla. In an rufe wannan ƙofa, labarinsa ba zai mutu ba, sai dai ya koma bakin wanda bai san shi ba, bai kuwa damu da mutuncinsa ba. Hausawa sun riga sun yanke hukunci tun da daɗewa, da suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Allah ya sa mu gane, amin.