Raunin da awon jini ba ya nunawa

A ranar 17 ga Disamban 2020 aka sako ɗalibai 344 na makarantar Ƙanƙara. Washegari aka kawo su Katsina, likitoci suka duba su, aka ɗauki hotuna. Sai dai awon jini ba ya nuna firgici, da rashin barci, da razana idan an ji ƙarar babur.

Matar da 'yan bindiga suka yi wa fyaɗe ba za ta buɗe baki a layin asibiti mai cunkoso ba. Tana buƙatar ɗaki a keɓe, da ma'aikaciya guda da za ta riƙa gani, wadda ke neman izininta kafin ta taɓa ta.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958. Amma horar da nas-nas na manyan asibitocin jiha yana wuyan Ma'aikatar Lafiya ta Katsina.