Waiwaye: Gudun Ruwa a Bututun Kuromatogirafi

A shekarar 1906 wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tswett, ya wallafa yadda ya cika bututun gilashi da garin alli, ya zuba ruwan ganye a sama, ya bi shi da ruwan narkarwa, sai launuka suka rarrabu, kore daban, rawaya daban. Daga nan kuromatogirafi ya samo asali.

Amma tura ruwa iri ɗaya tun farko har ƙarshe yana da cikas. In ruwan ba shi da ƙarfi, sinadaran da suka manne wa bututun sosai sai an gaji da jiransu, in ma sun fito, sun baje. In kuwa yana da ƙarfi, na gaba sai su fito a cunkushe kamar an tashi daga kasuwa, ba ka gane wane ne wane. A 1952 Alm da Williams da Tiselius, a ƙasar Suwidin, suka bayyana mafita: a fara da ruwa mai rauni, a riƙa ƙara masa ƙarfi sannu a hankali. Yau da injin kuromatogirafi na HPLC da bututun da ake kira C18, akan haɗa ruwa da asitonaitaril, a taso da asitonaitaril ɗin daga kashi 5 cikin ɗari zuwa kashi 95.

Inda nake ganin ana yawan kuskure shi ne nan. Da zarar ƙololuwa biyu, wato alamun fitowar sinadarai biyu, sun haɗu a allon kwamfuta, sai ka ji an ce, "Ƙara lokaci." Ana ɗauka cewa duk abin da aka yi a hankali zai fi rabuwa. Lloyd Snyder da abokan aikinsa a Amurka sun nuna ba kullum ba ne. Kowane sinadari da irin yadda yake amsa ƙaruwar ƙarfin ruwan; manya irin su furotin, ɗan canji kaɗan ya ishe su su saki bututun. Saboda haka in ka sassauta hawan ƙarfin ruwan, wasu biyu na iya rabuwa, wasu biyun da suke a rabe su haɗe, har ma na baya ya wuce na gaba. Shawararsu ita ce a yi gwaji biyu, ɗaya gajere, ɗaya ya ninka shi sau uku, misali minti 20 da minti 60, sannan a lissafa inda kowa zai fito a kowane hawa. Manhajar DryLab a kan wannan lissafi aka gina ta.

Ba lokaci kaɗai ke sauya rabuwar ba. Ƙarancin asitonaitaril na 2008 zuwa 2009 ma ya tilasta wa ɗakunan gwaji da yawa komawa ga metanol, suka ga jerin fitowar sinadaran na iya sauyawa.

Akwai kuma tazarar da ke tsakanin inda ruwan ke haɗuwa da bakin bututun. Ba ɗaya take a kowane inji ba, shi ya sa tsarin da ya yi kyau a wannan ɗaki yake rikicewa a wancan. Ga kuma masu gaggawa da ba sa barin bututun ya koma daidai kafin su zuba samfur na gaba.

Abin yana damuna ne saboda da irin waɗannan injuna hukumomi kamar NAFDAC ke auna magunguna. In gurɓataccen sinadari ya fito lokaci ɗaya da maganin, ƙololuwa ɗaya za a gani, a sa hannu a takarda, kwalin ya shiga kemis.