A ba gwani aikin kwamfutar kanti

Tun shekara ta 2021 ma'aikatar haraji ta DGI ta soma tilasta wa ƴan kasuwa ba da faktir mai shaida, wadda na'ura ke fitarwa ɗauke da lambar NIF da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari. Daga Maradi zuwa Damagaram da Tawa, manyan kantuna da dama sun ajiye littafi sun koma ga kwamfuta.

Sai dai abin da muke gani shi ne, Alhaji ya zuba kuɗi ya sayi na'ura, sannan ya miƙa aikin haɗa ta ga ɗan ƙanensa don ya iya latsa salula. Iya salula daban, tsara lissafin kaya da bashi daban. Ranar da wuta ta ɗauke, na'ura ta lalace, sunayen masu bashi sun tafi, wa za a kama? Araha ba ta ado.

Mu a ganinmu, a ɗauko gwani daga waje a biya shi ladansa. Amma a yi yarjejeniya a rubuce: ya koya wa yaran kanti aikin, ya sa batirin da ke riƙe wuta, ya riƙa ajiye kwafin lissafi a wani wuri dabam, kuma lambar sirri ta zauna hannun mai dukiya.

Alhazai da Hajiyoyi, kuɗin gwani sau ɗaya ake jin zafinsu. Bashin da ya ɓace ba ya dawowa.