Amurkawa Da Tamaula: Mai Zagi Da Mai Saye

Ranar 12 ga Yunin 2010, a garin Rustenburg na Afirka ta Kudu, Amurka da Ingila suka tashi kunnen doki, bayan ƙwallon da Clint Dempsey ya buga ta suɓuce wa golan Ingila, Robert Green, ta gangara raga yana kallo. Washegari jaridar New York Post ta buga da manyan baƙaƙe a shafinta na farko cewa Amurka ta yi nasara da ci 1 da 1. Barkwanci ne, kowa ya gane. Amma ya tona halin mutanen: Ba'amurke ba ya iya kwana da canjaras, ko a jarida sai ya nema masa gwani.

Haka aka raine shi. A ƙwallon kwando ba a tashi sai wani ya yi rinjaye, ko sau nawa za a ƙara lokaci. A besbol haka. Zari-rugar jami'o'insu ta kori canjaras tun 1996, ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ta bi sahu a 2005. To ka ɗauko mutumin da ya saba ganin kowane ɓangare ya zuba maki sama da ɗari a dare guda, ka zaunar da shi minti 90, a tashi babu ci, sannan ka ce masa wasa ya yi kyau. Kallon mai taɓin hankali zai yi maka. Rashin sa'a kuma, ranar da aka fi tara su don su ga ƙwallon ƙafa da idonsu, ita ce ranar da ta ba su abin faɗi. Wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1994 a filin Rose Bowl na Pasadena, Birazil da Italiya, 'yan kallo sama da dubu 90 a cikin rana, minti 120 ba wanda ya leƙa ragar wani. Sai da aka kai ga bugun fenareti, Roberto Baggio ya ɗaga tasa sama. Mu nan Najeriya ba mu yi masa jaje ba, don shi ne ya zura mana biyu ya kore mu daga gasar. Masu ba'a a can kuwa suka ce: to ga shi nan, wannan ne abin da duniya ke haukacewa a kai? Shekara uku bayan haka shirin zanen barkwanci na The Simpsons ya nuna 'yan wasa suna miƙa wa juna ƙwallo a tsakiyar fili ba gaba ba baya, har gundura ta sa 'yan kallo suka kaure da faɗa.

Sai dai laifi tudu ne. A 2010 jaridar Wall Street Journal ta sa aka ƙirga lokacin da ƙwallo ke motsi da gaske a wasan zari-ruga na NFL, wanda kan ci sa'a uku da 'yan kai. Minti 11 aka samu. Sauran duk tsayuwa ne, da shawara, da maimaita hoto, da talla. Wanda ke jure wannan duk Lahadi da murna, da wane baki zai ce tamaula tana sa barci? Kowa dai da irin haƙurin da aka koya masa. Shi yana jin daɗin tsayawar nan saboda a cikinta yake lissafi, yana hasashen dabarar koci, yana tashi ya ɗauko abin sha. Mu kuma daɗinmu yana cikin fargaba, sanin cewa kuskure ɗaya a minti na 89 zai iya rushe aikin yini. Akwai kuma kuɗi a ciki. Wasannin Amurka an yayyanka su daidai da bukatar talabijin, har tallan daƙiƙa 30 a wasan ƙarshe na NFL, wato Super Bowl, ya kai dala miliyan 7 a 2023. Ƙwallon ƙafa kuwa minti 45 take tafiya ba ta ba mai talla wurin sa ƙafa. Gidan talabijin da ba ya cin riba da wasa ba zai ɓata lokaci yana koya wa jama'a son sa ba.

An taɓa gwada lallashinsu. Da aka fara gasar ƙwallon ƙafarsu ta MLS a 1996, sai aka sa agogo yana ƙirge da baya kamar na ƙwallon kwando, in an yi canjaras kuma a ajiye wa ɗan wasa ƙwallo yadi 35 daga raga, a ba shi daƙiƙa biyar ya ruga ya ci gola. Masu ba'a ba su zo ba, masu son ƙwallon na asali suka ji haushi. Bayan kakar 1999 aka watsar da duka biyun. Da matsalar ta dokoki ce, da wannan ya magance ta.

Ni a ganina tushen abin yana wajen fili. Amurka ba baƙuwar tamaula ba ce kamar yadda ake zato. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na farko a 1930. A 1950 ta doke Ingila da ci ɗaya mai ban haushi a Belo Horizonte, ƙwallon da Joe Gaetjens, haifaffen ƙasar Haiti, ya ci. A shekarun 1920 akwai gasa mai ƙarfi a garuruwan masana'antu irin su Fall River da Bethlehem, inda leburorin da suka yi ƙaura daga Birtaniya suka zo da wasansu, kafin rikicin shugabanci da karayar tattalin arziki su kashe ta. Amma lura da su wa ke bugawa: baƙi. A lokacin besbol ta riga ta zama wasan ƙasa, zari-ruga ta mamaye jami'o'i. Ɗan baƙon da ke son a daina yi masa kallon baƙo, abu na farko da yake yi shi ne ya yar da ƙwallon ubansa ya ɗauki sandar besbol. Ƙin tamaula ya zama wata shaidar zama ɗan ƙasa.

'Yan siyasa suka tsinci dami a kala. A 1986 Jack Kemp, ɗan majalisar wakilai wanda shi kansa tsohon ɗan zari-ruga ne a Buffalo Bills, ya miƙe a zauren majalisa ya ce zari-ruga wasan dimokuraɗiyya ne da jari-hujja, ƙwallon ƙafa kuwa wasan gurguzu ne na Turawan Turai. A 2014, ana tsakiyar gasar Birazil, marubuciya Ann Coulter ta rubuta cewa ƙaruwar sha'awar ƙwallon ƙafa alama ce ta lalacewar tarbiyyar ƙasa, ta ƙara da cewa babu Ba'amurken da aka haifi kakan-kakansa a ƙasar da ke kallon ta. Wannan jimla ta biyu ita ce ta fito da abin da ke zuci. Magana ce a kan 'yan ci-rani, musamman na Meziko da maƙwabtanta, aka rufe ta da rigar wasa. A 2011 an buga wasan ƙarshe na kofin yankinsu tsakanin Amurka da Meziko a wannan fili na Rose Bowl, mafi yawan 'yan kallo suna goyon bayan Meziko, Amurka ta sha kashi 4 da 2 a gidanta tana jin ihun murna. Mai ƙin baƙi da ya ga wannan hoto, ba sai an gaya maka abin da zai ce game da tamaula ba.

Abin ban dariya shi ne, bakin da ya ce wasan talakawan baƙi ne, shi ne zai juya ya ce wasan yaran masu kuɗi ne da 'yan mata. Nan ma akwai inda aka samo shi. Dokar daidaita maza da mata a makarantu ta 1972 ta buɗe wa 'yan mata filaye, suka rungumi ƙwallon ƙafa, suka ɗauki Kofin Duniya na mata sau huɗu: 1991, 1999, 2015 da 2019. Mazan kuwa, har zuwa gasar Qatar ta 2022, ba su sake kai wa zagayen 'yan takwas da suka kai a 2002 ba, kuma Trinidad da Tobago ta hana su zuwa Rasha a 2018. Ƙasar da ke kiran zakaran besbol ɗinta zakaran duniya alhali gasar ba ta wuce ita da Kanada ba, ba ta saba da wasan da ƙaramin tsibiri zai iya kunyata ta ba. Raina abin da ya gagare ka ya fi sauƙi.

Shi kuwa Kemp, da ya duba da kyau da ya ga gurguzun a gidansu yake. A NFL ana raba kuɗin talabijin daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi 32, akwai iyakar albashi, kuma wadda ta zo ta ƙarshe ita ake ba damar fara zaɓen gwanin matasa a shekara mai zuwa. Ko ka sha kashi a duk wasanninka, ba mai korar ka. A Ingila Leicester ta ɗauki kofin Firimiya a 2016, a 2023 ta faɗa rukuni na ƙasa, ba wanda ya ji tausayinta. Wa ke kasuwar ci-ko-a-ci-ka a nan?

Wuri ɗaya ne na sallama musu: faɗuwar ƙarya. Duk wanda ya kalli wasan Birazil da Turkiyya a 2002 ya ga yadda ƙwallo ta bugi Rivaldo a ƙafa, shi kuma ya dafe fuska ya zube, har aka ba ɗan Turkiyya jan kati. Birgimar Neymar a 2018 kuwa har yara sun mayar da ita wasa. Mutumin da ya saba ganin ƙato mai kilo 130 ya take wani, wanda aka take ya miƙe ya kakkaɓe riga, dole ya raina wanda aka shafa wa kafaɗa yana ihu kamar an karya shi. Abin kunya ne, kuma mu masoya ƙwallo mu muka ɗaure masa gindi, don in ɗan ƙungiyarmu ne ya yi sai mu ce wayo ne. Ko da yake su ma ba su tsira ba, sai da gasar ƙwallon kwandonsu ta NBA ta fara cin tarar masu langaɓewa a 2012.

Duk da wannan surutu, lissafi na tafiya inda yake tafiya. Gasar 1994 ta tara 'yan kallo sama da miliyan uku da rabi. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup da ta fito a farkon 2018, kashi 37 cikin ɗari sun ce zari-ruga suka fi son kallo, besbol kashi 9, ƙwallon ƙafa kashi 7, tana shaƙar wuyan wasan ƙasa. Messi ya koma Inter Miami a 2023. Aka kuma ba Amurka da Kanada da Meziko masaukin gasar 2026 mai ƙasashe 48.

Nan ne nake ganin mun sa ido a inda bai kamata ba. Mai zagin tamaula a rediyo bai taɓa rage mana komai ba. Wanda ya kamata a lura da shi shi ne Ba'amurken da ya gano akwai kuɗi a cikinta. Iyalan Glazer sun sayi Manchester United a 2005, kamfanin John Henry ya sayi Liverpool a 2010, Stan Kroenke ke riƙe da Arsenal, Todd Boehly da abokansa suka karɓi Chelsea a 2022. A Afrilun 2021 ƙungiyoyi 12 suka sanar da gasar Super League, wadda bankin JP Morgan zai zuba wa kuɗi, inda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa faɗuwa ba ko sun yi ta shan kashi. Shugaban Real Madrid ne a gaba, gaskiya ne, amma tsarin na NFL ne sak, kuma United da Liverpool da Arsenal suna ciki tsundum. Magoya baya a Ingila suka fito kan titi, cikin kwana biyu abin ya wargaje, Henry ya fito a bidiyo yana ba da haƙuri.

Don haka kai mai zama a gidan kallo da rigar Arsenal ko ta United, in ka ci karo da Ba'amurke a Facebook yana cewa wasanka na gundura ne, ka bar shi ya yi dariyarsa. Wanda ke da hannu a kan ƙungiyarka shi za ka sa wa ido, don shi ne ke da ikon raba maka wasa gida huɗu ya cusa talla a tsakani.