Tsarabar Amurka: Auren 'Yar Mai Madara

Wannan watan tsaraba na kawo miki daga Amurka, inda na je zaman jegon ƙanwata.

Wata maƙwabciyarta Baturiya ce ta matsa sai mun raka ta ɗan gidan wasan unguwarsu, irin wanda ake jera tebura a ci abincin dare, sannan a kalli wasan kwaikwayo. 'Yan wasan duk mutanen unguwa ne, ba biyansu ake yi ba. Kifi na ce a ba ni, don ban yarda da namansu ba, kofin giya kuwa na ce a ɗauke mana shi.

Sunan wasan Fiddler on the Roof, wato mai goge a kan rufin ɗaki. An fara yin sa a birnin New York a 1964, aka mai da shi fim a 1971. Labarin Tevye ne, wani talakan Bayahude mai sayar da madara a wani ƙauyen Rasha a 1905, da 'ya'yansa mata biyar. Rabi magana, rabi waƙa, ga ban dariya.

Inda ya tsaya mini a rai shi ne auren babbar 'yarsa. Mai dalilin aure ta kawo maganar wani mahauci mai kuɗi, dattijo, wanda matarsa ta rasu. Tevye ya ba shi yarinya a wurin shaye-shaye, ko tambayarta bai yi ba. Ashe sun riga sun yi alkawari da wani tela da ba shi da ko keken ɗinki. Ta yi ta roƙon uban har ya sauko. To, yaya zai yi da matarsa, wadda ta ƙwallafa rai a kan suruki mai kuɗi? Sai ya ƙirƙiro mafarkin ƙarya: wai matar mahaucin ta taso daga kabari tana rantsuwar shaƙe duk wadda ta shiga ɗakinta. Uwar ta tsorata, ta ce a ba tela. Mutane suna dariya har da hawaye.

Ni ma na yi dariyar, amma raina yana can ajinmu na hadda. Kin sani, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a nemi izinin budurwa, kuma shirunta yarda ne. Sai dai ke uwa ce za ki bambance shirun kunya da shirun tsoro. Uba ba ya iya wannan.

Ina da ɗaliba mai izu arba'in a ka. Aka ba da ita ga abokin babanta, ta yi shiru, aka ce ta yarda. Wata biyar aka yi ana yaji ana biko, auren ya mutu. Da mahaifiyarta ta zo mayar da ita makaranta, na ja ta gefe na ce, "Hajiya, da kika tambaye ta me ta ce miki?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, wallahi ban taɓa tambayarta ba."