Wa Ke Biyan Kuɗin Taron Lauyoyi?

Duk shekara idan Agusta ya gabato, Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya, NBA, takan cika wayoyin 'ya'yanta da sanarwa: ga garin da za a yi babban taro, ga kuɗin rajista da rangwamen wanda ya biya da wuri, ga babban baƙo mai jawabi, ga daren walima. Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne aljihun da hidimar ke fitowa. A 2025 jama'a suka ji amsar ba shiri. A watan Maris Shugaba Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara, ya naɗa tsohon babban hafsan sojan ruwa Ibok-Ete Ibas kantoma. NBA ƙarƙashin Afam Osigwe ta ce dakatar da zaɓaɓɓen gwamna ya saɓa wa tsarin mulki, ta kuma ɗauke taronta daga Fatakwal zuwa Enugu. Sai gwamnatin kantoma ta ce to a dawo mata da naira miliyan 300 da jihar ta bayar saboda taron. Ƙungiyar ta amsa cewa kyauta ce aka ba ta, babu sharaɗi a kai.

Ko kyauta ce ko kuɗin karɓar baƙunci, tun farko bai kamata a karɓa ba. Jarin ƙungiyar lauyoyi bakinta ne. Ita ake jira ta yi magana idan gwamna ya yi watsi da umarnin kotu, ko ya sa an tsare ɗan jarida, ko ya riƙe kuɗin ɓangaren shari'a. Hausawa kuwa sun ce idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Ba sai an kira shugaban ƙungiya an ce ya yi shiru ba. Kwamitin shirya taron baɗi ya san ƙofofin da zai ƙwanƙwasa, kuma wannan sanin kaɗai ya isa ya sassauta harshen takardar bayan taro.

Masu kare ƙungiyar za su ce ai abin da ya faru a Ribas shaida ce cewa kuɗi bai ɗaure mata baki ba, tunda ta soki dokar ta-ɓaci har ta ƙaurace wa jihar. Amma gwamnatin Fubara ce ta ba da kuɗin, kuma shi aka dakatar daga kujera na wucin gadi. Matsayin da NBA ta ɗauka, wanda a ganina yana da hujja mai ƙarfi a doka, ya zo daidai da muradin wanda ya yi kyautar. Da haka aka miƙa wa masu goyon bayan dokar makami a ɓagas: maimakon su amsa tambayar tsarin mulki, sai suka koma zancen miliyan 300. Gaskiyar da ƙungiyar ta faɗa ta rage nauyi a kunnen jama'a, ko da babu wanda ya yi nufin hakan.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: in an ƙi kuɗin gwamnoni, rajista za ta yi tsada, ƙananan lauyoyi su kasa zuwa. To amma tsadar daga girman shagalin take. Matashin lauya daga Gusau ko Damaturu, wanda abin da maigidansa ke ba shi a wata da ƙyar yake kai shi ƙarshensa, kuɗin mota da masaukin kwanaki sun riga sun hana shi zuwa kafin a kai ga rajista. Tallafin gwamna ba ya isa gare shi, yana ƙarewa ne a katafaren zaure, da mawaƙa, da jakunkunan taro. A Legas a 2022 an ga bidiyon lauyoyi suna farfasa rumfar rajista saboda ba su sami jakarsu ba, abin kunyar da ya danne labarin duk muƙalun da aka gabatar. A 2020 kuwa, lokacin korona, ta intanet aka yi taron, aka kuma tattauna abin da ya kamata. Ƙungiyar na da rassa fiye da 120, kuma kowane lauya na biyan kuɗin izinin aiki duk shekara. Waɗannan sun isa a yi taro madaidaici, a kai horon ƙarin ilimi rassa inda mutane suke.

Akwai masu cewa jihar da ta karɓi dubban baƙi tana cin riba ta otel-otel da masu abinci da direbobi, don haka ba laifi ta sa hannu. Ta sa, ta hanyar tsaro da gyaran hanya da tsabtar gari, waɗanda dama aikinta ne. Tsabar kuɗi daga baitulmali zuwa asusun ƙungiyar da ke sa wa gwamnati ido wani abu ne daban, kuma likitoci da injiniyoyi da 'yan jarida da ke kai ziyarar ban-girma gidan gwamnati gab da taronsu suna cikin wannan zance. A taron shekara-shekara na 'yan ƙungiya ake karanta rahoton ma'aji, kuma nan ne reshe ɗaya zai iya kawo ƙudurin a wallafa sunan duk wanda ya ba da gudummawa da adadinta kafin a buɗe rajista, a kuma haramta karɓar tsabar kuɗi daga kowace gwamnati.